Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajja Shinkafa

Zuwa ga Hajja Shinkafa, uwar sinasir da masa, kakar dafa-duka.

Da fatan kina lafiya, ke da zuriyarki na cikin buhu da na kan tanda. Ranki ya daɗe, na san labari ya riga ya iso miki cewa na ɗauke ƙafa, domin a Maiduguri irin wannan magana ba ta kwana. Mai masar bakin layinmu ta tambayi uwargida, uwargida ta gaya wa ƙanwarta da ke Bulumkutu, kafin la'asar har ana tare ni a masallaci ana cewa, "Alhaji, lafiya kuwa?" To, gara ki ji daga bakina.

Likita ne ya shiga tsakaninmu. Ya duba takardar gwajin jini, ya dubi tumbina, ya ce ciwon sukari ya yi sallama a ƙofar gidana, bai shigo ba tukuna amma har ya cire takalmi. Ya ce in rage duk abin da ke komawa sukari a jiki: ke, da gero da dawa da masara, da burodi da taliya, da rogo da dankali. Na ce, "Likita, ai ka lissafe abincin Borno kaf, daga biski har ndaleyi. Me ka bar mini?" Ya ce miya.

Kada ki ɗauka raini ne. Na san darajarki, na san abin da ake sha kafin ki iso tukunya. Ban manta da manoman Zabarmari da aka kashe suna girbinki a watan Nuwamba na 2020 ba, Allah ya jiƙansu. Kuma ina jin nauyin in ce ina gudun abinci a garin da wasu ke kwana ba su ɗora tukunya ba, balle bayan ambaliyar Alau ta 2024 da ta kwashe wa mutane abin da suka tara. Shi ya sa mudun da aka saba auna mini bai koma buhu ba, maƙwabta yake shiga.

Ba ni na fara yi wa danginki tawaye ba. Tun 1863 wani Bature mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi yana ba da labarin yadda ya sauke ƙiba da barin burodi, sukari da dankali. Mai irin wannan sana'a kuwa ya san inda tumbi ke kai mutum. A 1972 wani likita a Amurka, Robert Atkins, ya sake tayar da maganar, duniya ta ɗauka. Sai dai duk cikinsu babu wanda ya taɓa zama a zaure a Shehuri ranar ɗaurin aure, an dire masa faranti, surukinsa na gefe yana cewa bismillah.

Bari in fara da ƙorafin makon farko, don kin gana mini azaba. Kai ya yi ta sarawa, ƙafa ta yi nauyi, na tsawata wa yaro a kan ya gaishe ni da ƙarfi. Na zaci asiri kika yi mini, sai likita ya warware mini zancen. Ashe jiki na da rumbunsa na sukari a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Da an daina zuba miki hannu, jiki ya koma cin rumbun, ruwan ya tafi ta fitsari. Insulin ya sauka, ƙoda ta saki gishiri, gishirin ya bi ruwa. Ki haɗa wannan da zafin Maiduguri, inda a watan Afrilu awo ke haura digiri 40, gumi na kwashe sauran. Rabin abin da na ɗauka kewarki ce, ashe ƙishirwa ce da ƙarancin gishiri. Ruwa da kofin romo mai ɗan gishiri suka kashe wutar cikin 'yan kwanaki. Masu hawan jini dai kada su ji wannan su buɗe gwangwanin gishiri, sai sun tambayi likitansu.

Yanzu ga babbar ƙarar da na kawo. Ɗanki sinasir ɗan kwanton ɓauna ne. Na je ɗaurin aure da niyya mai kyau, na zauna can ƙarshen tabarma inda nake zaton faranti ba zai iso ba. Ya iso. Fari tas, samansa duk ƙananan idanu, ƙasansa ya ɗan yi ja inda ya taɓa kasko, an lulluɓe shi da miyar ganye, man shanu na bin gefe. Ga denderu a tsakiya, wanda shi likita bai hana ni ba, amma an binne shi a ƙarƙashin ɗanki yadda ba a kaiwa gare shi sai an bi ta kansa. Kin san al'adarmu: a sa hannu tare, wanda ya janye kuma sai an tambaye shi me aka yi masa. Na yago gefe ɗaya don kunyar suruki.

Gefen nan ba shi ne laifinki ba. Laifinki muryar da kika turo bayansa, mai cewa, "Tunda an riga an karya, a ƙarasa yau, gobe a sake niyya." Muryar nan ce ta miƙo ardeb mai sanyi, ta raka ni wajen mai shayi da dare, ta ce a ƙara sukari, ta sa aka yanko burodi. Washegari sikeli ya nuna na ƙaru fiye da kilo guda, muryar ta dawo tana cewa ka gani, wahalar banza kake yi.

To, Hajja, na gano ki. Kilon nan ba kitse ba ne, mutum ba ya tara kitsen kilo guda a dare ɗaya. Rumbun ne ya sake cika, ruwansa ya dawo, kuma bayan kwana biyu ko uku ya sake tafiya. Muryar ma masana sun daɗe da kama ta. A 1975 wasu masu bincike a Amurka, Peter Herman da Deborah Mack, sun bai wa ɗalibai madara mai zaƙi, sannan suka ajiye musu askirim wai su ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura wa kansu a kan abinci, da suka sha madarar sai suka ci kaɗan, tunda sun ƙoshi. Masu ƙoƙarin rage ƙiba kuwa, da suka ga dokarsu ta riga ta karye, sai suka fi cin askirim ɗin. Wato ɓarnar ba ta cikin lomar farko, tana cikin fidda rai da ke biyo ta. Saboda haka na soke dokar "gobe a sake niyya". In ɗanki ya kayar da ni da rana, tuwon dare ba ya samun gādo. Abincin da ke biye shi ne wurin komawa kan hanya, kuma ba na horar da kaina da yunwa don ramuwa, domin yunwar nan ita ce 'yar aikenki mafi biyayya.

Na kuma lura da lokutan da kike aiko kwaɗayi: bayan la'asar, da daren da ban yi barci sosai ba, da ranar da albashi ya makara. Ba ya daɗewa in ba a zauna an yi hira da shi ba. In na yi alwala na taka zuwa masallacin da ya fi nisa, kafin in dawo ya gaji ya tafi. Gidan biki kuma na daina zuwa da cikina wayam. Sai na ci dafaffen ƙwai biyu da 'yar gyaɗa tukuna, in na isa in kama gefen da nama yake, in yi ta surutu, hannuna na kai-komo a hankali yadda ba wanda zai ce ban ci ba.

A gida uwargida ta karɓi mulki. Tana aika yaro kasuwar kifi ta Baga Road ya sayo banda, ta zuba ta a miyar karkashi ko kuɓewa, ta ba ni cokali. Ranar farko yara sun leƙo suna dariya, wai Baba na shan miya ba tuwo. Akwai kwaɗon zogale, akwai awara, akwai kindirmo ba sukari, akwai gurji da kabeji. Gaskiya dai sai an faɗa, kin fi su arha nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce wannan hanya ba ta cin aljihu bai je Monday Market ya tambayi kuɗin kiret ɗin ƙwai ba.

Saƙo ɗaya zan ba ki ki isar wa masoyanki da suka riga suka kamu. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar saukar da sukari kada ya kwaikwaye ni ya yanke ki rana ɗaya. Magani na aiki, abinci babu, sukari na iya faɗuwa har mutum ya suma a keke napep. Sai likita ya daidaita masa magani tukuna.

Ba sakinki na yi ba, Hajja, kwana na rage miki. Za mu gaisa ranar Sallah da ranar suna, ludayi ɗaya, bayan na ci nama da ganye. Asabar mai zuwa akwai ɗaurin auren 'yar aminina a Gwange, kuma an ce masu tuyar sinasir uku aka ɗauko. Don girman Allah ki ja wa ɗanki kunne, ya zauna a gefen farantin da ke kallon angwaye.

Wassalam. Naki har kullum, amma daga nesa,

Wani tsohon mai ƙarin faranti, daga Hausari.