Zauren 'Yan Aji: Kowa Ya Samu, Kowa Na Nema

Shugaban aji ne ya buɗe zauren a WhatsApp tun suna shekarar farko a jami'a, don sanar da cewa malam ya ɗage lakca ko an sauya ɗakin jarrabawa. Zauren ya ga yajin aikin ASUU na 2020 da ya lashe wata tara, ya ga na 2022 da ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai tsakiyar Oktoba. Karatun shekara huɗu ya doshi shida. Shi ya sa ranar da aka fito daga jarrabawar ƙarshe, ana rubuce-rubuce a fararen riguna, kowa ya rantse ba za a rabu ba. Aka sauya wa zauren suna, shugaban aji ya wayi gari ya zama Admin, sarautar da ba zaɓe, ba wa'adi, ba albashi.

Da takardun bautar ƙasa suka fito, zauren ya koma kamar Kantin Kwari a jajibirin Sallah. Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin a 1973 don ɗan Kano ya san Kalaba, ɗan Inugu ya san Sakkwato. Amma tambayar da ta fi yawo a zauren ita ce wa ya san wanda zai dawo da mutum gida. Ƙato da ya shekara biyar yana buga wa sashensu ƙwallo, ana tura shi Bayelsa ya tuna cewa tun yana jariri yake fama da asma. Sai mako uku na sansani, da hotuna cikin kaki, kowa yana ƙamewa kamar shi zai karɓi faretin 1 ga Oktoba. Sai maganar alawus: dubu 33 ake biya tun 2020, aka amince da dubu 77 a Satumban 2024, bai fara shiga asusu ba sai Maris na 2025. Waɗanda suka tuɓe kaki kafin nan har yau in an taɓo zancen, sai sun turo sitikar kuka.

Bayan an karɓi takardar gama hidima ne aka shiga zamanin “Alhamdulillah, sabon babi.”

Wani ya turo hotonsa a kujera mai juyawa, ga kwamfuta, ga na'urar sanyaya ɗaki. Aka yi ta zuba masa “Allah Ya sa an shiga a sa'a, ranka ya daɗe.” Babu wanda ya tambayi sunan ma'aikatar, shi ma bai ce kujerar ta mijin yayarsa ba ce, ya je kai takardar neman aiki ne mai ofis ya fita sallah. Wani ya kafa lema da injin POS a bakin titi, sana'ar da ke ci da shi har da ƙannensa, amma a ƙarƙashin sunansa ya rubuta shugaban kamfanin hada-hadar kuɗi. Wadda ke sayar da turaren wuta da humra daga ɗakin mamarta ta zama Hajiya, ba Makka ba Madina. Wanda ya samu tafiya Ingila yana turo hoto cikin dusar ƙanƙara, a baya ga jar bas mai hawa biyu, bai taɓa turo na aikin daren da yake yi a gidan kula da tsofaffi ba.

Akwai kuma ma'aikacin sa-kai na zauren, mai turo tallan ɗaukar aiki. Yau Kwastam, gobe kamfanin mai na ƙasa, jibi wata ƙungiyar Turawa da ke neman mutum dubu ba tare da jarrabawa ba. A saman saƙon WhatsApp ya rubuta cewa an yi ta tura shi sau da yawa, wa'adinsa kuma ya wuce tun bara. Shi kansa mai turowar yana gida.

A 2024 zauren ya samu aikin da ya haɗa kan kowa. Masu digiri suka duƙufa dannan fuskar waya a Hamster Kombat, dare da rana, ana raba lambar gayyata, ana cewa “ta kusa fashewa.” Har an fara gardamar irin motar da za a saya. Ranar 26 ga Satumba ta fashe, abin da da yawa suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Kwana biyu zauren shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, kafin wani ya turo wata sabuwar, ya ce wannan kam ta gaske ce.

Katin biki shi ke tayar da matattu. Mutanen da ba a ji ɗuriyarsu ba tun ranar rantsuwa sukan fito su kwafi “Allah Ya sanya alheri” daga na sama, har da kuskuren rubutunsa. Da Admin ya biyo da kuɗin anko da lambar asusun gudummawa, sai sabis ya ɗauke a faɗin ƙasa. WhatsApp kuwa ba ya rufa asiri, yana nuna duk wanda ya karanta. Tun 2022 mutum na iya sulalewa daga zaure ba tare da jama'a sun gani ba, sai dai Admin yana gani, kuma zai kira: “Mutumina, lafiya? Ko laifi muka yi?”

Ainihin labarin kowa yana saƙon bayan fage. Can ne mai kujera mai juyawa ke rubuta wa shugaban kamfanin POS da ƙarfe sha ɗayan dare: “Abokina, ka rufa min asiri da dubu biyu zuwa ƙarshen wata.” Can ne na Ingila ke cewa sanyi ya ishe shi, tuwon miyar kuka yake mafarki. Mai lemar yakan tura kuɗin bai faɗa wa kowa ba, gari na wayewa kuma ya shiga zaure ya kira mai bashin da ranka ya daɗe.

Yanzu batun taron sada zumunci ake yi. An kafa kwamiti, kwamitin ya buɗe nasa zauren. An jefa ƙuri'a tsakanin Kano, Kaduna da Abuja, kowa ya zaɓi garinsu, domin tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin kewa. An sa bayan Ƙaramar Sallah, aka ɗage zuwa bayan Babba. Daren jiya Admin ya turo saƙon murya na minti bakwai yana roƙon a ji tsoron Allah a biya dubu biyar-biyar. Mutum biyu suka amsa: ɗaya da sitikar tafi, ɗayar da sanarwar cewa sabon turare ya iso, kuma tana aikawa kowace jiha.