Yaɗiya a kan darni

Da la'asar muna zaune a tsakar gidan Goggo, sai ga jikarta da ganyen yaɗiya cike da faifai, ta tsinko a kan darnin bayan gida.

"Kun ga halinmu ko?" in ji Goggo. "Da damina ba mai waiwayarta. Ga tafasa, ga rama, ga zogale. Sai rani ya ƙone daji, ita tana nan kore shar ta nannaɗe aduwa, sannan mu tuna da ita."

Maƙwabciyarmu ta ce, "A'a Goggo, mu kam ba mu yada ta ba. Mai jego in nono ya yi mata ƙaranci ita muke dafa mata. Yaro ya yanke, a karya reshe a ɗiga masa ruwan. Tsohona ma in mura ta toshe masa hanci ruwanta yake shaƙa."

Daga nan gardama ta koma kan tukunya. Wasu suka ce a tafasa a zubar da ruwan farko saboda ɗaci, sannan a matse a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Goggo ta rantse wanda ya zubar da ruwan nan maganin ya zubar. Wata ta sako zancen ciwon suga, na ce wannan kam a je asibiti a yi awo tukuna.

Sai Goggo ta yi shiru. Ita mutuniyar ƙasar Maraɗi ce. Ta ce bayan farin dango da ƙarancin ruwan 2004, a yunwar 2005 yaɗiya da anza suka riƙe gidajen danginta. Anza sai ta kwana da kwanaki a jiƙe kafin ta ciwu, yaɗiya kuwa yau a tsinka, yau a ci.

Abin da ke ci mini rai, tun daga nan wasunmu ke kiranta abincin yunwa, har su ɓoye kwano in baƙo ya yi sallama. Ga shi kowa ya samu kuɗi sai ya cire darni ya ja katangar bulo, ba ta da inda za ta kama.

Goggo ta juya wajen jikarta. "Gobe in kin koma, tofon kawai za ki tsinka. Kada ki taɓa mini saiwa."