Ku ɗaga kai mana, 'yan Tamanrasset!

To, 'yan uwa mazauna Tamanrasset, ƙorafinku ya iso. Wai ina ruwan mai kwaɓa siminti a gindin duwatsun Ahaggar da gine-ginen Italiya na zamanin da Turawa ke kira Renesans? Har da mai cewa hirar ƙosassu ce. Madalla. Ku gyara zama, ai shayin ko tafasa ta biyu bai yi ba.

A birnin Fulorans, Filippo Brunelleschi ya fara ƙubbar babban cocin garin a 1420, ya rufe ta a 1436. Faɗinta kusan mita 45, kuma bai tokare ta da katako daga ƙasa ba, jera jan bulo ya yi ta yadda kowane zagaye ke riƙe kansa. Na ji ku: "Ai su ne!" Naku fa?

Abu ɗaya na sallama muku. Tamanrasset ba ta da abin nunawa na wancan zamani. Ko a 1905 da Bafaranshe Charles de Foucauld ya sauka, 'yan bukkoki ya tarar a bakin kwari. Sansanin da ya gina, inda aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, da ƙasa aka yi shi, ga shi nan tsaye har yau. Katangar bulon da kuka ɗora bara kuwa... ban dai ce komai ba.

Amma ta ina kuka shigo? Ba daga sama kuka faɗo In Guezzam ba, sai da kuka ratsa Agadas, kuna rungume da jarka a bayan Hilux, kuna lissafin dinari. Hasumiyar masallacin Agadas da kuka wuce ko kallo babu, mita 27 ce ta laka, asalinta tun 1515, shekara tara kacal bayan Roma ta aza harsashin sabon cocin Saint Peter. Eh, Malam mai gardama, an sake gina ta a 1844. Sai me? Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Itatuwan nan da suka yi cirko-cirko a jikinta, da kuke zaton ado ne, su ke ƙarfafa ginin, kuma su magina ke takawa in lokacin gyara ya yi. Wanda ya gina ta ya yi tunanin wanda zai gyara.

Bakano kuma ya daina zumɓura baki, Gidan Rumfa ya baro a gida, na Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Bakatsine ya baro hasumiyar Gobarau.

Kun ce Italiya na da sunayen gwanayenta, mu babu? Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya ɗaura azara kan azara, ya lulluɓe da ƙasa, bakan gizo ya ɗauki rufi. Ya zo a makare, na yarda, amma suna dai kuka nema.

In za ku gida hutun Sallah, ku sa direba ya tsaya a Agadas. In ya ƙi, ku ce kama ruwa za ku yi, wannan ba ya musu.