Ardo, Ashe Danginku Ne a Fim Ɗin Nan

Ardo, bawana, na san jarida ba ta da wani amfani a wurinka sai naɗe goro, amma akwai ɗanka na Poli, shi zai karanta maka wannan, kuma na roƙe shi kada ya tsallake ko layi ɗaya don jin nauyinka. A majalisa ba ka bari in kai aya, da na buɗe baki sai ka tuno mini da yadda danginku suka ci Ngazargamu tamu a 1808. To a nan babu mai katse ni.

Magana ce ta fim ɗin nan mai dogon zango da ya hana ku barci, wanda yaron da ke tura fina-finai a waya ya zuba muku, ake haska shi a gidan kallon unguwarmu duk daren da babu ƙwallo. Sunansa Terminator: The Sarah Connor Chronicles, amma kai "fim ɗin yarinyar ƙarfe" kake ce masa, kuma kana ba da labarinsa kamar jiya aka sauke shi daga tukunya. Tashar Fox ta Amurka ta fara nuna shi a Janairun 2008, ta gama a Afrilun 2009. Waɗanda suka kalle shi suna samari yanzu suna biyan kuɗin makarantar 'ya'ya. Ban ga laifinka ba. Mutanen Mubi, da ita kanta Najeriya sai 1961 suka shigo ta, bayan an gama bikin 'yancin kai an kwashe kujeru, ba za a tuhume su da makarar kallon fim ba. Kada ka kawo mini zancen Dikwa da Bama da su ma sai lokacin suka shigo, ni ɗan Yerwa ne.

Ga wanda bai gani ba, labarin ci gaba ne daga finafinan Arnold Schwarzenegger, mutumin da har gobe Kwamando muke kiransa, wato na 1984 da na 1991. Wata kwamfutar soja mai suna Skynet za ta yi wayo ta juya wa mutane baya, ta harba makaman ƙare-dangi, sannan ta ƙera mutum-mutumi masu fatar mutane su ƙarasa sauran. Wani John Connor ne zai jagoranci waɗanda suka tsira, don haka kwamfutar take aiko maharanta su komo baya cikin zamani su kashe shi tun yana ɗan sakandare. Uwarsa Sarah na gudu da shi gari-gari. Shi kuma John na gaba ya kama ɗaya daga cikin na'urorin, ya sauya mata tunani, ya aiko ta ta yi gadin ƙuruciyarsa. Ita ce Cameron, wadda Summer Glau ta fito a matsayinta, ita ce kuma ta sace zuciyar Ardo.

Na daɗe ina mamakin abin da ya haɗa mutumin da bai yarda da agogon hannu ba da fim ɗin na'urori. Sai da na zauna bayanka na lura da wuraren da kake gyaɗa kai, sannan na gano bakin zaren. Ba fim kake kallo ba, zumunci kake yi. Yarinyar nan Bafillatana ce, ƙarfe kawai aka yi ta da shi.

Duba hujjojina. Tun a kashi na farko malamin aji, wanda ashe shi ma na'ura ne, ya tsaga cinyarsa ya zaro bindiga ya buɗe wuta. Harsasai suka shiga jikin Cameron, ta tashi ko gezau, fuska a sake, babu ko "wash". Duk gidan kallo aka ɗau salati, kai kuwa ka juyo ka ce wa na kusa da kai, "Wannan 'yar gidan mutunci ce." Ina ka taɓa ganin irin wannan in ba a filin sharo ba, inda ake zabga wa yaro tsumagiya har fata ta tsage, shi kuwa yana duba madubi yana murmushi? Sannan batun abinci. Ana tafiya da ita ana wuni, ba ta taɓa cewa tana jin yunwa. Da ta tashi nuna wa John cewa tana iya ci, ƙwaya ɗaya tak ta soyayyen dankali ta ɗauka. Haka kake yi a gidana: loma ɗaya, ka ce alhamdu lillahi ka ƙoshi, ka fita ka zagaya bayan kasuwa ka share kwanon fura. Ba ta barci, dare duka tana tsaye tana sa ido, ana tambayarta abin da ke ranta tana kallon mutum ƙuri. Siririya kuma, kamar iska za ta ɗauke ta, amma ta ɗaga ƙato ta maka da bango. Ka gaya mini wane sashe na fulaku ne ya rage.

Shi ma mugun malamin ajin nan, Cromartie, ɗan gidanku ne ta wajen naci. An fille masa kai, kan ya faɗa cikin na'urar tsallake zamani ya bi su daga 1999 zuwa 2007, gangar jikin ta kwashe shekara takwas cikin tarkace, sannan ta miƙe ta kama hanyar neman kanta. Yara suka ce wannan ƙarya ta yi yawa. Kai kaɗai ka kare shi, ka ce abin mutum abin mutum ne. Wa zai yi musu da wanda zai taka daga Mubi har Garwa a ƙasa saboda karsana ɗaya da ta ɓace?

Wuri ɗaya na ga ka yi musun dangantaka. Na'urar tsallake zamani ba ta wucewa da tufafi, don haka da suka dira a 2007 tsirara suka faɗo tsakiyar babban titin Los Anjelas, motoci na haska su. Ka ja hula ka rufe fuska kana cewa ba a haifi wannan a rugarku ba. Ɗan Poli da ke fassara mana shi ma ya yi shiru, ya hau tarin ƙarya har wurin ya wuce.

Yanzu bari mu zo kan abin da ka roƙe ni kada in faɗa. A farkon zango na biyu akwai wata shugabar kamfani, Catherine Weaver, wadda jikinta narkakken ƙarfe ne, tana rikiɗa ta zama duk abin da ta ga dama. Wani ma'aikacinta ya shiga bayan gida yana zaginta a ransa da bakinsa, sai abin fitsarin da ke jikin bango ya narke ya tashi ya zama ita, ta miƙa yatsa ya zama tsinke ta huda masa goshi. Ardo, benci ya motsa a daren nan, kuma ba girgizar ƙasa aka yi ba. Ka ce sauro ne ya cije ka. Tun daga ranar ba ka shiga makewayin tasha sai ka fara zungurar ƙofa da sanda, buta ma sai ka ƙwanƙwasa ta ka ji amonta. An ce ranar kasuwa a Tike mai POS ya miƙo maka na'urarsa ka danna lambobinka, ka ce ya ajiye ta ƙasa tukuna ya ja da baya. Da aka gaya maka karnuka na gane mutum-mutumi su yi ta haushi, ka koma kiwon wani ƙwarangwal ɗin kare da a da ko kallonsa ba ka yi. Ba tsoro ba ne, na sani. Bafillatani ba ya tsoro, hankali yake yi.

Ba kai kaɗai ba ne, gaskiya, sauran 'yan kallo ma kowa da tasa. Wani dattijo ya tsaya kai da fata cewa wannan duk share fagen Dujal ne, ya kuma so a faɗa masa ranar da abin zai auku. Ɗan Poli ya ce a cikin labarin 21 ga Afrilun 2011 ne. Tsoho ya yi lissafi da yatsu, ya ce to ai lokacin muna fama da zaɓe ne shi ya sa ba mu lura ba. Samari masu kallon Indiya-Hausa sun raina fim ɗin gaba ɗaya. A wurinsu babu mutum-mutumi sai Chitti na Rajinikanth, na fim ɗin 2010, wanda ya ga Aishwarya Rai ya rikice: na'urar da ba ta rawa ba ta waƙa, in ji su, janareto ce kawai mai ƙafa. Sai da aka zo inda Cameron ke rawar Turawa ita kaɗai a ɗaki sannan suka ɗan sassauta.

Waɗanda suka fi burge ni 'yan jari-bola ne. Ana ta ihu bos ya taso, su kuwa suna musu kan kilo nawa zai yi a sikeli. Da aka bayyana cewa ƙashin na'urorin da ma'adinin koltan ake yin sa, wanda ake haƙowa a Kwango, irinsa kuma akwai shi a ƙasar Jos da Nasarawa, sai ɗayansu ya ce Allah Ya sa a turo ko guda biyu ta hanyar Sahuda. Sun kuma riƙe darasin da kowa ya manta: in aka ja wa na'urar wutar lantarki tana sumewa na daƙiƙa 120 kafin ta farfaɗo. Suka ce minti biyu ya ishe su raba ta gida huɗu. Matsalar kawai, a samu wutar a lokacin da ake bukatarta.

Mata ba sa shiga gidan kallo, a waya suke gani a cikin gida, kuma abin da suka gani daban ne. Ba ruwansu da Cameron, Sarah suke bi. Uwargidana ta ajiye wayar a inda Sarah ta tashi ɗanta ta ce ya ɗauki jaka ɗaya su bar gari yanzu-yanzu, ba ta ƙara komawa kai ba sai bayan kwanaki. Duk wadda ta goya yaro ta ja wani a hannu ta hau duwatsu ta nufi Kamaru a ƙarshen Oktoban 2014, ranar da Boko Haram suka shigo Mubi, ba ta bukatar ɗan Poli ya fassara mata wurin nan. Waɗanda suka kore mu kuwa ba ƙarfe ba ne, uwa ce ta haife su. Kai ma ka yi shiru da na ba ka wannan labari, kuma shirun ranar ban sa shi cikin abin zolaya ba.

Shi ya sa da malamin jami'ar jiha da ke zama da mu ya ce abin ya wuce tatsuniya, aka saurare shi. Ya kawo rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 kan Libiya, wanda ya ce a 2020 wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ƙirar Turkiyya mai suna Kargu-2 ya bi mayaƙan Haftar da ke ja da baya, kuma an tsara shi ya kai hari ba sai da umarnin mutum ba. Ya ce a Disambar 2023 ƙasashe 152 suka kaɗa ƙuri'a a babban zauren Majalisar kan a duba batun makamai masu yanke hukunci da kansu. Kowa ya yi tsit yana auna nisan Libiya da nan. Kai kuwa, bawan Allah, tambayar da ka yi ita ce ko jirgin zai iya gano saniya a cikin gonar dawa.

To tunda ka tambaya, bari in gaya maka na'urar da ya kamata ta hana ka barci, domin ka ɗora tsoronka inda ba nan ba ne. Tun 1992 kamfanin Lely na ƙasar Holan ya fito da na'urar tatsar nono. Saniya ce ke kai kanta in ta ji hantsarta ta cika, na'ura ta wanke nonon, ta laluba ta kama, ta tatse, ta rubuta lita nawa aka samu, babu ƙwarya babu kirari. A Norwe kuma wani kamfani, Nofence, yana rataya wa dabba wata 'yar na'ura a wuya, makiyayi ya zana iyakar makiyaya a wayarsa yana kwance a ɗaki. In saniya ta doshi iyaka sai abin ya yi mata ƙara, in ta ƙi ji ya ɗan ja ta da lantarki ta koma. Babu sanda, babu malafa, babu shiga gonar Bagude a kwana ana shari'a gaban jauro. Wannan ce za ta yi maka ritaya, Ardo, kuma ba ta ɗauke da ko wuƙar yankan farce. In ranar ta zo kada ka damu, akwai gurbi a shagona na kifi banda, dama bawa gidan ubangijinsa yake komawa.

Saura rigimarka da yaron da ke tura fim. Ka kalli kashi 31, aka tsaya inda John ya tsallaka zamanin yaƙi ya tarar babu wanda ya taɓa jin sunansa, ga wata mai kamannin Cameron sak tsaye tana shafa kare, kare kuma bai yi haushi ba. Washegari ka je ka tsare yaro ka ce ya ɓoye maka zango na uku don ya ƙara kuɗi, ka riƙe masa cikon hakkinsa. Babu zango na uku. Mutum sama da miliyan 18 suka kalli kashin farko a Amurka, daga nan aka yi ta zarewa, Fox ta ga babu riba ta rufe shi a Mayun 2009. Masoyansa a can sun yi ta rubuce-rubuce da roƙo a dawo da shi, ba a kula su ba, balle kai da sandarka. Ka je ka biya yaron nan kuɗinsa. In ka fito daga wurinsa ka biyo ta shagona da kuɗin sharata na bana, har da na bara da ka ce sai ka sayar da bijimi.