Hunturu, Kyamara da Masu Uzuri

Gasar hoto ta mako-mako ba ta da wani tsari mai wuya. Ranar Litinin shugaban zauren WhatsApp ya faɗi jigo, a ce "hayaƙi" ko "ƙofa" ko "inuwa", kowa ya nemo hoto guda cikin makon, ya turo kafin sha biyun daren Lahadi, a kaɗa ƙuri'a, a yi wa wanda ya ci barka. Babu kuɗi, babu kofi. A Turai kukan masu irin wannan gasa shi ne gajartar yini, domin a Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, ma'aikaci ya fita da duhu ya dawo da duhu. Namu hunturun bai taɓa tsawon yini sosai ba, sararin sama yake ƙwacewa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso farar ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi inda wani tsohon tafki ya ƙafe, ta zo ta lulluɓe Kano da Katsina da Damagaram. Shuɗin sama ya ɓace, kore ya ɓace, dutsen Dala ma sai an matso kusa. Ranar da hazo ya yi ƙamari har jirage kan kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. A irin wannan lokaci, a ganina, gasar ta daina auna gwaninta, ta koma yi wa kowa tambaya guda: ka bar bargo ka fita ka duba, ko kuwa? Kusan duk halayen da ake fama da su a zaure dabaru ne na zillewa wannan tambaya.

Mafi sauƙin kamawa shi ne mai tono. Jigo "ruwa", a tsakiyar Janairu, sai ga hoton hadari ya haɗo a kan gonar gero kore shar. Aka yi magana, ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Ya san sarai waya tana rubuta rana da sa'a a cikin kowane hoto, ya kuma san WhatsApp yana goge wannan bayani idan an tura hoton kai tsaye, shi ya sa duk ranar da shugaba ya ce a turo ainihin fayil ɗin sai sabis ɗinsa ya ɗauke. Bayansa akwai mai faɗuwar rana, wanda ya taɓa hawa Goron Dutse sau ɗaya da la'asar sakaliya, yake cin ribar hawan har yau: jigo "tafiya", rana ce ke tafiya, jigo "bankwana", rana ce ke bankwana, jigo "abinci", to, lokacin cin tuwo ya gabato. Akwai mai falsafa, da zai ɗauki hoton kwanon da ya gama cin abinci a ciki ya biyo shi da sakin layi uku kan kaɗaicin ɗan Adam. Akwai mai neman a ƙara wa'adi saboda ba a kawo wuta ba tun Alhamis, alhali saƙon ƙorafin da wayar ya rubuto shi. Akwai Hajiyar da ke sa "Masha Allah" ƙarƙashin kowane hoto, har da wanda aka turo bisa kuskure na rasidin kuɗin makaranta. Sai kuma mutumin sha biyu saura biyar, mai hoton buta a bakin ƙofa, hasken filasha ya wanke ta fes. Wannan na ƙarshe ina ganin ya fi su duka gaskiya, domin ko ba komai butar ta wannan makon ce.

Amma sarkin zauren, wanda idan babu shi gasar ba za ta yi armashi ba, shi ne Yallabai mai kaya. Kyamararsa daga Dubai aka yo masa saƙonta, kuɗinta zai sayi Keke Napep har a samu canji. Yana da gilasai uku, na nesa da na kusa da na fuska, yana da sanda mai ƙafa uku, yana da jaka mai aljihuna da yawa wadda kowane aljihu da abin da ke kwance a cikinsa: 'yar robar hura iska, ƙyallen goge gilashi, batir na ko-ta-kwana, da batir na ko-ta-kwanan na ko-ta-kwana. Ya san sunan kowane maɓalli, ya san abin da kamfanin zai fitar baɗi. Abu ɗaya ne ba a taɓa gani daga gare shi ba, wato hoton da kyamarar ta ɗauka. Da an tambaye shi sai ya gyara murya: "Ƙanena, a wannan ƙurar? Kai ka san me ƙwaya ɗaya ta ƙura za ta yi wa cikin wannan na'ura?" Abin haushin shi ne ba ƙarya yake yi ba. Duk wanda ya cire gilashi ya sa wani a tsakiyar buji ya buɗe wa ƙura hanya zuwa farantin da ke karɓar haske, daga nan kowane hoton sama zai fito da ɗigo-ɗigo a wuri guda har sai an kai wa mai gyara. Don haka Yallabai yana jira ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa a Maris, zafi ya shigo, ya ce zafi yana kashe batir. Damina ta sauka, ya ce laima tana sa gilashi fumfuna, wannan ma gaskiya ce. Hawan Salla kuwa, cunkoso ne da 'yan sane. Idan aka bi lissafinsa a tsanake, babu wata guda cikin sha biyun nan da Allah Ya halitta da ya dace a fito da kyamararsa daga jaka.

Hakan bai hana shi aiki ba. Aikinsa shi ne hotunan wasu. Yarinya 'yar aji biyar ta sakandare ta fita da asuba da wayar Itel mai tsagaggen gilashi, ta ɗauko hayaƙin mai ƙosai yana ratsa hasken fitila, zaure ya ɗauki tafi, sai Yallabai ya shigo da sallama da doguwar addu'a, sannan ya ce hoton ba laifi, sai dai da a ce da babbar kyamara ce da gefen kaskon bai narke ba. Ya bayyana wa yarinyar yadda ake buɗe idon kyamara da rufe shi, a wayar da ba ta da wannan maɓalli. Ya rufe da cewa abin da waya ke yi ba ɗaukar hoto ba ne, lissafi ne. Yarinyar ta ce, "Na gode, Baba." Sau ɗaya tak ake samun irinsa ya shiga gasa, ranar da jigo ya faɗa kan "abin da na fi so": sai ya shimfiɗa kayan nan kaf a kan darduma, ya ari Tecno ɗin ɗansa ya ɗauke su. Masu kare shi za su ce kayan kirki suna da ranarsu, kuma haka ne. Tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suna cika fadamar Haɗejiya da Nguru daidai wannan lokaci, kuma babu wayar da za ta kamo su daga nesa yadda dogon gilashinsa zai yi. To amma Nguru ma ƙura ce. Abin da ya kasa gani, shi da ya fi kowa karatu, shi ne hazon da yake gudu kyauta ce: yana tace rana, ya kashe baƙar inuwar da ke cika ramin ido da ƙasan hula da tsakar rana, ya bar haske mai taushi irin wanda masu shagon hoto ke sayen farar lema don samu. Wata uku ana raba wannan haske a titi, shi yana ɗaki yana hura wa jaka iska. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mai gyaran hoto shi ma gudun hunturu yake yi, sai dai shi ya fita, ya ga abin da ke akwai, ya ƙi yarda da shi. Ya dawo gida ya murza launi har samaniyar Janairu ta koma shuɗiya kamar ruwan baban marinar Ƙofar Mata, ganuwa ta yi jawur, fuskar dattijon Kurmi ta rasa tamoji ko ɗaya. Hujjarsa ita ce kowa na gyarawa, har manya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda wayar da kanta tana gyara hoto kafin mai ita ya gani. Amma manyan da yake kafa hujja da su sun shata iyaka. A 2015 gasar World Press Photo ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙima. A 2023 kuma Bajamushe Boris Eldagsen ya ci wani rukuni na gasar Sony da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, ya ƙi karɓar kyautar, ya ce dama gwada alƙalan yake yi. Ƙanin mai gyara ya riga ya iso zaurukanmu: shi ko takalmi ba ya sawa, umarni yake rubuta wa manhaja, ta ba shi mai shayi mai yatsu shida zaune gaban wani masallaci da ba a taɓa ginawa ba.

Za a ce, to me ya yi zafi? Wasa ne, ba a cin ko sisi, bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Ni ina ganin rashin kyautar ne ma ya sa ƙa'idar take da daraja. Inda akwai kuɗi, ana fahimtar mai maguɗi, yunwa ce ko kwaɗayi. Inda babu, ribar da ke cikin gasar gaba ɗaya ita ce fitar nan da aka tilasta maka: ka bi layin da kake bi kullum, amma yau kana neman ƙofa, sai ka tarar unguwarku tana da ƙofofin da ka shekara ashirin kana wucewa ba ka taɓa ɗaga kai ka kalla ba. Wanda ya turo tsohon hoto bai cuci kowa ba sai kansa, shi ya sa ake masa dariya ba a fushi. Haka ma wani jinsin da ban ambata ba, masu sharhi, waɗanda suka gano cewa bayanin halayen 'yan gasa ya fi fita cikin jaura daɗi, har sukan cika shafukan mujalla da shi daga cikin bargo. Su dai a yi musu uzuri, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Mutum ɗaya ne dariyata ke tsayawa a kansa, kuma shi ne wanda ya fi kowa cika ƙa'ida. Yana fita tun duku-duku, ba ya tsoron ƙura, ba ya tono, hotonsa na makon ne. Farautarsa almajirai. Ya san inda suke haɗa wutar kwali da leda su kewaye ta da asuba, ya san yadda faso ke tsaga dugadugan yaron da ba shi da takalmi, ya san leɓen da ya bushe ya fi fitowa a baƙi-da-fari. Yakan tsaya daga nesa ya jawo su da gilashi, ko ya matso ya ce wa yaro ya daina dariya, ya ɗaga roba, ya kalli ƙasa. Kowane jigo yana da yaron da zai cika shi. Ya dawo ya sa wa hoton suna mai taɓa zuciya, ya buga sunansa da manyan baƙaƙe a kusurwa. Sunan yaron kuwa bai tambaya ba, bai nuna masa hoton ba, malaminsu bai san an yi ba. Da a ce wani baƙo ne ya tsaya a ƙofar gidansa yana ɗaukar 'ya'yansa ba su wanke ido ba, da unguwa ta ji su.

Kariyarsa a shirye take: wayar da kai yake yi, kuma hoton wahala ya sha girgiza duniya. Zai kawo misalin hoton Kevin Carter na 1993, na yaro da ungulu a kudancin Sudan, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1994. Sai dai wancan hoto an kai shi ne gaban mutanen da ba su san ana yunwar ba, kuma duk da haka Carter bai tsira daga tambayar me ya yi wa yaron ba. Wa ake wayar wa kai a zauren da kowa a cikinsa ya wuce yaran nan a hanyarsa ta zuwa masallaci? Babu Bakanon da ke buƙatar hoto kafin ya san almajiri na jin sanyi a Janairu. Kuma ba gaskiya ba ne cewa talaka ba ya ɗaukuwa sai a wulaƙance. Seydou Keïta da Malick Sidibé sun yi suna a duniya da hotunan mutanen Bamako, har Sidibé ya karɓi babbar lambar girmamawa ta bikin fasaha na Venice a 2007, alhali mutanen cikin hotunansu sun san ana ɗaukarsu, su suka zaɓi rigar da za su sa, suka kuma tafi gida da hotonsu. Yaran nan ma suna buga ƙwallo, suna wanke allo, suna tsokanar juna, suna da hular da suke ji da ita. Mutuminmu ya gan su a haka, ya jira har dariyar ta wuce sannan ya danna.

Gyaran ba shi da wuya: shugaban zaure ya kafa doka cewa duk hoton da fuskar yaro ta fito, sai da iznin babbansa, sai kuma yaron ya gani. Ban cika sa ran za a kafa ta ba, domin irin waɗannan hotuna su ke cinye ƙuri'a mako bayan mako, kuma masu kaɗa ƙuri'ar su ne mai tono da mai faɗuwar rana da Hajiya da Yallabai da mu masu sharhi.