Masu Hannun Jari Kala-Kala

Dattijon cikinsu shi ne Alhaji mai tabon 2008. Bayan da Charles Soludo, gwamnan babban bankin Najeriya na lokacin, ya tilasta wa kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna suka bi kasuwa-kasuwa suna tallar hannun jari, wasu har bashi suke ba mutum ya sayi nasu. Alhaji ya sayar da fili ya shiga. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya rufto zuwa wajen 20,000. Har yau takardun shaidar suna cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin tsohon fasfon Hajji. In aka gaya masa ma'aunin ya wuce 100,000 a Janairun 2024, sai ya ce "Allah ya ba su sa'a," ya ci gaba da lissafin dilolin atamfarsa.

Yaron shagonsa kuwa duniya a tafin hannunsa take. Ya san ranar taron OPEC, ya san farashin gangar mai kafin ya san na kwanon shinkafa. Lokacin da babban bankin Amurka ke ta ƙara kuɗin ruwa har ya kai kashi 5.5 cikin ɗari a 2023, shi ne mai sallame isha'i a gurguje don kada jawabin shugaban bankin, Jerome Powell, ya wuce shi. Washegari zai tare mai shayi da bayanin yadda tsadar bashi a Amurka ke janye dala daga ƙasashe irin namu, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai duk jarinsa hannu 20 ne na MTN, da ya saya a Disambar 2021 kan naira 169 kowane ɗaya. An ƙara masa ɗaya kyauta saboda ya riƙe su shekara guda. Hannu 21 ke nan suke hana shi barci.

Akwai Malam mai tambayar halacci. Tambayarsa da hujja, kuma an daɗe da tanadar mata amsa: tun 2012 kasuwar ke da ma'aunin Lotus mai tace kamfanonin giya da bankunan riba, ga bankin Jaiz, ga sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. Malam ya san duk wannan. Ya tambayi malamai uku sun amsa, yana neman na huɗu.

Ɗan canjin Wapa a Kano ba ya doguwar magana. A farashin hukuma, dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. "Wane kamfani ne ya ba ka haka?"

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Mai An-Ce. Ba ya sayen abu sai ya gama tsada, ba ya sayarwa sai ya gama faɗuwa. MMM ta cinye shi a 2016, CBEX ta maimaita masa a Afrilun 2025, kuma duka biyun "hannun jari" yake kiransu, alhali ba kamfanin da ya mallaki ko ƙusa a cikinsa.

Sai magada, waɗanda ba su ma san suna cikin kasuwar ba. A 2023 hukumar da ke sa ido kan kasuwar ta ce ribar da ba a zo an karɓa ba ta kai kusan naira biliyan 190. Wani kaso na iyayen da suka saya da sunaye daban-daban ne don su samu kaso mai yawa. Yanzu ga Hajiya a ofishin masu rajista da takardu uku, ɗaya Muhammad, ɗaya Mohammed, ɗaya Mamman, tana rantsuwa duk mijinta ne, ma'aikaci kuma yana neman takardar kotu.