Ku Gama Dariyar, Jirgina Yana Gaɓa

Tun da labari ya fita cewa na zuba rabin kuɗin sallamata a kan kwale-kwale, ban ƙara samun sakat a Jimeta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni. Wani mai karanta wannan shafi har saƙo ya aiko gida, wai ko 'ya'yana sun san halin da nake ciki. Sun sani, malam. Babbar ce ma ta sayo mini rigar ruwa, ja wur, don in na faɗa kada a sha wahalar nemana.

To ku matso, masu dariya, ku ji inda abin ya samo asali.

Ina ɗan shekara takwas, a daminar 1964, baffana ya riƙo hannuna muka gangara bakin Binuwai. Ruwa ya kawo iya wuya. Ga jirgi tsaye yana huci, ya turo kwale-kwalen ƙarfe tun daga Burutu, leburori na sauke gishiri da siminti, buhunan gyaɗa na jiran layi. Can sama, a wani ɗan ɗaki mai gilashi, wani mutum da farar hula ya ja igiya, jirgin ya yi wani irin kuka da na ji har cikin haƙorana. Na ce wa baffa in na girma ni zan riƙa jan igiyar nan. Ya ce in fara koyon ɗaure tazugen wandona tukuna. Kun ga ke nan ba ku kuka fara ba. An riga ku da shekara sittin.

Yaran yanzu sun ɗauka tatsuniya nake yi. Ku tambayi tsofaffinku. Jimeta tashar jirgin ruwa ce tun kafin ta zama garin ofisoshi. Kamfanin Neja a kan ruwa ya yi shekaru yana ciniki, cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure. Sojan Ingila da suka ci Yola a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu, su ma ta kogin suka hauro. Jirage kan wuce mu har Garwa a ƙasar Kamaru, su yi sauri su juyo kafin ruwa ya janye, domin 'yan makonni ne kakar tasu.

Ni na girma, jirage suka ƙi jirana. Yaƙin basasa ya datse hanyar kudu a 1967, manyan motoci suka ƙwace kaya, aka gama madatsar Lagdo a 1982, yashi ya yi ta cike cikin kogi. Na zama malamin makaranta. Shekara 35 ina riƙe da alli, kuma duk ajin da na koyar ya san in aka zo darasin koguna ba a tashi da wuri.

Wani daga cikinku, mai kaifin baki, ya ce raƙumi na nema aka ba ni akuya: mafarkin kyaftin, a ƙare da katako mai kamu goma sha biyu. Na ji, kuma ta yi daɗi, na ba ka wannan. Amma ka hau gadar Jimeta a watan Maris ka leƙa ƙasa. Ina kogin da zai ɗauki raƙumin? Tsibiran yashi ne, shanu na tsallakawa, masu tifa na ɗiba. Binuwai da kansa ya rage buri, sai in an sako ruwan Lagdo kamar 2012 da 2022 ya tuna ko shi wane ne. Ni kuwa daidai ruwa na yanka jirgina.

Ku kuma 'yan uwana na cikin garin Yola, ku yi a hankali da wannan dariya. Tun 1841 kuke kan tudu, sunan garin ma daga yolde ya fito. In ba ranar su a tafkin Njuwa ba, iyakar hulɗar wasunku da ruwa buta ce.

Ba zan ɓoye muku ranar farko ba, tunda ko na ɓoye mata masu wanki sun riga sun baza. Maƙerin jirgin ya gama cusa tsumma a tsakanin katakai, ya bi da narkakkiyar kwalta, warinta na hawa kai. Muka tura. Na kama filafili da ƙarfina duka, jirgi ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Da ya gaji sai ya je ya kafe a yashi, ruwa iya gwiwa, ni kuwa sanye da jar rigata. Wani yaron masunta da bai kai jikana ba ya tako ya ce, "Baba, ba faɗa ake yi da shi ba. Saka a hankali, ka karkata hannu." Ya gwada sau biyu, jirgi ya miƙe kamar an ja zare. Yanzu shi ne malamina, ina biyansa duk mako, kuma ba ya sassauta mini ko kaɗan. Alhakin ɗalibaina ne, na sani.

Hajiya matata ta ce da kuɗin nan awaki na saya da yanzu sun haihu. Gaskiyarta. Sai dai ranar da na fara ƙetarawa ni kaɗai na dawo, ita ce ta fara bugawa ƙannenta waya.

Ku da kuke dariya, ina naku? Kai da ka rantse a firamare sai ka tuƙa jirgin sama, yau ko Napep ka shiga sai ka riƙe ƙarfe kana salati. Kai kuma mai cewa za ka gaji Mamman Shata, ko a banɗaki ka daina rerawa.

Saura abu ɗaya, igiyar nan. Na samo tsohon ham ɗin mota a wajen masu gwangwan, na ɗaura a gindin jirgi, na sa masa zare. Kukansa ya fi kama da na jaki mai mura, amma yana tashin balbelu.

Ranar Asabar bayan sallar asuba ina ƙasan gada. Mutum huɗu jirgin ke ɗauka. Wanda bai yi dariya ba kyauta ne. Wanda ya yi zai zauna a tsakiya, a ba shi ƙoƙo, domin jirgin yana ɗan yoyo ta hagu.